Idon Alƙali a Ɗakin Gwaji

A masana'antar igiyar lantarki babu mai kiransa da sunan yanka. Alƙali ake ce masa, don in ya ce igiya ba ta yi ba, ko manaja ne ya zo da kansa sai dai ya yi haƙuri. Shekara ashirin da uku yana zaune a ɗakin gwaji, teburi ɗaya, fanka ɗaya mai kuka. Aikinsa ya zaro igiya daga kowane kwali, ya soka filoginta a inji, ya danna, ya duba inda allurar mita ta tsaya. In ta tsaya daidai ya buga tambari, kaya su kama hanyar jirgin ruwa zuwa ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Filogin ma ba ya shiga bangon gidansa, amma da lalube kawai yake gane na kowace ƙasa.

Akwai shi da cika baki kam, ba ƙarya. Duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labarin cewa ba a taɓa dawo da kayan da ya buga wa tambari ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Matarsa ta ce, "Malam, ka je asibiti mana." Ya ce, "Ke, ƙurar roba ce." Tsoro yake kada a ce ya tsufa, a miƙa masa takardar sallama. Ya koma kallon allura hazo-hazo, yana buga tambari da tawakkali.

Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu magana. Aka dawo da kwantena guda cur. Tagulla ba ta kama ƙafar filogi sosai ba, igiyar tana zafi har roba ta narke. Manaja ya tara ma'aikata, yana huci. Ya ce, "Alƙali ba ya kuskure. Wani ne ya cusa kayan da ba a gwada ba a cikin kwalaye." Ido ya koma kan Maman 'Yan Biyu, mai injin matse tagulla, macen da Alƙali ya koya wa aiki da hannunsa, wadda ita kaɗai ke riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta. Ta rantse, ta sake rantsewa. Ta juyo ta dube shi. Shi kuwa, wallahi, takalminsa ya tsaya kallo. Aka dakatar da ita, aka ce ranar Litinin za a yanke hukunci.

Kwana uku abinci bai wuce masa ba. In ma'aikata suka gaishe shi, "Alƙali, barka da aiki," sai ya ji kamar mari. Kunya ce irin wadda ba ta barin mutum ya dubi ko matarsa.

Ranar Lahadi da hantsi ya je gidanta. Ya tarar tana wanki a tsakar gida. Ta goge hannu, ta jawo masa kujera, ta durƙusa ta gaishe shi. Gara a ce zaginsa ta yi.

Ya ce, "'Yata, ba ke ba ce. Ni na buga wa kayan nan tambari. Ba na ganin allurar, na daɗe ba na gani."

Ta ce, "Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Shekara biyu ke nan. Shi ya sa nake kawo maka kwalaye da kaina, in tsaya a bayanka ina surutu. In na ga allura ta karkace sai in ce wannan igiyar ba ta yi min kyau ba, ka ajiye ta. Watan da aka mai da ni sabon inji a ƙarshen layi ne na kasa zuwa."

Ya tuna sau nawa ya ce mata ta cika surutu, ta koma bakin aikinta.

Da ƙyar ya ce, "To me ya hana ki faɗa wa manaja?"

Ta jawo bokiti, ta ci gaba da matse riga.

"Ai ba ni ce zan tona maka asiri ba, Baba. Na ɗauka ranar da manaja ya tara mu kai za ka yi magana."