Tulun Yaya Arzika

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Arzika, har yau kuma in rana ta karkata ta yi wa duwatsun Filinge jan fenti, sai in ji kamar zai leƙo ya ce in ɗauko tabarma mu hau.

Manomin gero ne, bai taɓa zama ajin boko ba. Ni ne malamin makaranta, amma sunan kowace ciyawa ta ƙasarmu Kurfai a bakinsa na koya. Burinsa ɗaya a duniya, ya ga duwatsun Azbin, inda ya ji baƙi na kafa tanti su kwana bakwai suna ta kallo. Allah bai nufa ba. Sai ya mai da dutsen bayan gonarmu Azbin ɗinsa.

Duk Asabar ta rani mukan hau da butar shayi, shi kuma da jarka a kafaɗa. A can ƙoli, cikin inuwar wani falalen dutse, ya girke wani tsohon tulu da kasko a gefensa. Yakan cika su, ya zauna yana tsotsar aduwa yana tofar da ƙwallon, kwarin nan duka shimfiɗe a ƙarƙashinmu, shanu ƙanana kamar tururuwa. Mu kwana, asuba ta tashe mu da kukan kurciyoyi a bakin kaskon. Nakan tsokane shi cewa tulun nasa yoyo yake yi, wahalar banza ce.

"Mushe, kai dai karatu ya yi maka yawa," in ji shi, da sunan da yake kirana. "Wanda ya hau dutsi da ƙishirwa, ko tsuntsu na, baƙonka na."

Da ciwo ya kwantar da shi, bai yi mini wasiyyar gona ba. Ya kama hannuna ya ce, "Kak ka bari tulun ga ya bushe." Na amsa. Wata biyu na yi ina hawa, daga nan na fara laɓewa bayan aiki, bayan ciwon gwiwa, daga baya dajin ma ya zama ba mai kwana cikinsa saboda rashin tsaro. Gaskiya ita ce ba na iya zama can ni kaɗai. Kunyar wannan alkawari ta ci ni shekara da shekaru.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga samarin yanzu suna hawa don ɗaukar hoto da waya, su sauko ba su ko zauna ba. Na san dariya zai yi, ya ba su shayi. Ni ne ban san da wane ido zai dube ni ba.

Makon jiya na ɗauki jarka, na hau da hantsi ina hutawa kamar tsohon jaki. Tulun ya fashe, sai tsingaro. Amma daidai inda yake ɗiga, inda Yaya ke tofar da ƙwallo, wata 'yar aduwa ta tsaya, ta kai ƙirjina, da sheƙar kurciya a tsakiyar ƙayarta.

Na daɗe a tsaye ina kuka. Sannan na kwance murfin jarkar na juye mata ruwan duka, na ce, "Yaya, yoyon naka ya fi ni cika alkawari. Asabar ina tafe da sabon tulu."