Gawayin da Bilkisu Ta Bari a Taga

Ina cikin zuba wa mutane shayi a tashar Kiru aka kira ni a waya, aka ce motar da ƙanwata Bilkisu ta hau daga makaranta ta faɗi a hanya. Allah ya yi mata rasuwa a nan. An kwana biyu da yin haka, amma wallahi abin da zan faɗa muku, da hannuna na taɓa shi.

Kimiyya take karantawa a jami'a. A hutunta na ƙarshe ta ɗauki gawayi guda a gefen murhuna ta ce, "Yaya, wannan nake karantawa."

Na ce, "Da kin faɗa ai da kin huta da tafiya, ga buhu guda nan."

Ta yi dariya, ta ce abin da ke cikinsa kabon ne, kuma kowace ƙwayarsa tana da 'yar cibiya, in aka buge ta sai ta ɗauki ƙarfin da ya yi mata yawa, ba ta natsuwa sai ta saki wani haske da ido ba ya gani, wai shi gamma. "Wata ma sau biyu take saki kafin ta natsu. In na dawo zan gaya maka dalili." Ta tafi da gawayin gida, ta ajiye a tagar ɗakin Inna, mahaifiyarmu.

Bayan jana'iza Inna ba ta yi kuka ba, ba ta magana, ba ta cin komai, har na fara tsoron za mu rasa mutum biyu. Ba a hura wuta a gidanmu ba, maƙwabta ke kawo abinci. Ranar sadakar uku da hantsi na kai mata kunu, ina ajiyewa a taga hannuna ya taɓa gawayin. Da ɗumi. Rana ba ta shiga ta tagar nan, ba hayaƙi, ba toka.

Na sa mata shi a tafin hannu. "Inna, na Bilki ne."

Ta damƙe shi ta ce, "Da ɗuminta kuwa." Sai kuka ya zo mata, ta daɗe tana yi. Da ta lafa ta ce, "Miƙo kunun nan." Na karɓi gawayin, ya yi sanyi ƙalau.

Wani malamin kimiyya ya ce mini gawayi ba ya yin ɗumi haka kawai, ban kuma yi masa musu ba. Ni dai shawarata, wanda aka yi wa rashi, kada ku hana shi kuka.

Inna tana nan da ƙarfinta, gawayin yana taga. Dalilin sau biyun nan, har yau ban ji shi ba.