Direban Da Ya Tsaya A Tsakiyar Tsere

Kafin Mahamane ya zo Amurka, shekarun ƙarfinsa a hanyar Maraɗi zuwa Agadas suka ƙare, yana tuƙa kamiyo, babbar mota mai ɗauke da gero da awaki, mutane kuma a saman kaya. Yanzu a garin Bowie yake zaune da matarsa Rakia, yana kai tsofaffi asibiti a wata farar bas. Mutum ne mai haƙuri da kowa. Abu ɗaya ya raina a duniya: tseren motoci.

Maƙwabcinsa Raymond, wani dattijo baƙar fata mai son hira, shi ya ja masa wannan ciwon kai. Kullum zancensa yadda aka fara tseren motoci na dogon zango a Amurka. Wai a da, motar da kake kai iyali coci ita za ka tuƙo har fili, ka shafa lamba a ƙofa, ka ɗaure ƙofar da bel ɗin wandonka, ka shiga. Tayoyi in sun ƙare, har na motocin 'yan kallo ake kwancewa.

"Mil ɗari biyar, Mahamane!" in ji Raymond.

"Zuwa ina, Tsoho?"

"Zagaye ake yi."

"To da suka gama, ina suka isa?"

"Inda suka tashi mana."

Mahamane ya ja tsaki. "Ba kaya, ba fasinja, ba garin zuwa. A wajenmu jakin da ya tsinke igiya ne ke wannan aikin, shi ma yana gajiya ya yi hankali."

Raymond yana da buri ɗaya. Mahaifinsa ya yi ta shiga ƙananan tsere a Virginia, bai taɓa kai ƙarshe ba. Tsohuwar motar mahaifin tana nan a gareji, Raymond ya gyara ta, yana son ya ga ta ƙetare layin gamawa ko sau ɗaya, ko da ita ce ta ƙarshe. Ana wani tseren tsofaffin motoci a can ƙauye, amma idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Sai ya roƙi Mahamane.

Mahamane ya ƙi. Rakia ta ce, "Malam, mutumin da ke share mana ƙanƙara a ƙofar gida za ka hana?" Ya yarda, yana gunaguni.

Ranar tsere aka cusa masa hular kwano, ya ce ya zama kamar tukunyar da aka kife. Ya yi bisimilla, ya tayar. Matasa suka wuce shi fuu, ya bi su da kallon tausayi. Shi dai a hankali yake tafiya, yana sauraron injin. Can wasu suka fara fita, wannan hayaƙi, wancan taya. Tafiya ta kusa ƙarewa, Raymond na bakin shinge yana ɗaga sanda sama kamar yaro.

Sai ga wata mota a gefe, ta mutu, direbanta na zaune ciki. A hanyar Agadas, direban da ya wuce ɗan'uwansa cikin lalura bai tsaya ba, sunansa ya ɓaci a kowace tasha. Ƙafar Mahamane ba ta yi shawara da kowa ba. Ya kunna sigina, ya faka, ya fito da gorar ruwa.

"Sannu, ɗan'uwa! Lafiya? Me ya same ta?"

Direban ya zaro ido yana yi masa ihu cewa ya koma motarsa. Ma'aikatan filin suka yo kan Mahamane a guje, tutoci na ta kaɗawa. Nan take aka fitar da shi daga tseren, aka ja motar Raymond zuwa waje.

A hanyar gida suka faɗa cunkoson babbar hanyar Beltway. Kusa da garin Greenbelt, Raymond ya juyo gare shi.

"Saura kaɗan, Mahamane. Saura kaɗan!"

"Na sani, Tsoho, kuma na ji zafinka. Amma wasan da za a kori mutum don ya ce sannu, wannan wasan marasa iyaye ne."

Raymond ya ce, "Baɗi zan sake kai ta. Ka nemo mini direban da ba shi da tarbiyya."

"Wannan ba wuya," in ji Mahamane. "Gobe zan tsaya bakin babbar hanyar 270 da safe, lokacin rububin zuwa aiki, in zaɓo maka."