Gwamma 'Yar Maman Ta Zaɓi Karatun Duwatsu

Gwamma 'yar Maman mai butik ce, Badamagaren nan da ke sayar da shayi da kofunan shayi a kasuwar Tamanrasset. A garin aka haife ta, a nan ta shiga lekkol, kuma tun ajin farko haruffa suka ƙi zama mata wuri ɗaya. A Larabci ɗigon da ke ƙasa sai ya koma sama. Da aka fara Faransanci, b da d suka zama mata mutum ɗaya. In an faɗa mata abu sau ɗaya ta riƙe shi, amma in an rubuta, sai ta yi ta kallon takarda har a tashi aji.

Maman ya yi abin da ya sani. Ya sa aka yi mata rubutun sha, ta sha. Ya kai ta wajen mai tabarau, mutumin ya auna ta ya ce idonta lafiya lau, sannan ya auna Maman. Maman ne ya koma gida da tabarau.

Tana da shekara goma sha biyar wata malamarsu ta tura su wajen wata likita mai duba matsalar magana da karatu. Bayan zuwa uku likitar ta ce sunan abin disleksi.

"Ana mutuwa da shi?" in ji Maman.

"A'a."

"Ana warkewa?"

"A'a, amma ana koyon zama da shi."

"To, me za ki ba mu?"

"Takarda," in ji likita.

Takardar ta sa aka ƙara wa Gwamma lokaci a jarrabawa. Sauran aikin ita ta yi abinta. Ƙawarta Ramatu tana karanta darasi da ƙarfi, Gwamma tana ɗauka a salula, ta saurara tana wanke-wanke, ta saurara tana tsintar shinkafa. Mahaifiyarta Zainaba, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta haddace rabin tarihin yaƙin duniya na biyu ba da son ranta ba. Gwamma ta faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, a karon farko, ta ci a na biyu.

Sai maganar zaɓen abin da za ta karanta a jami'a. Maman ya ce farmasi.

"Baba," in ji Gwamma, "sunayen magunguna duk kama suke yi mini. Mai ciwon kai zai zo, ya tafi da maganin zawo."

Maman ya janye maganar, don shi ma yana yawan ciwon kai.

Zainaba ta ce malanta. Gwamma ta ce to wa zai yi rubutu a allo? Wani maƙwabci da ba a tambaye shi ba ya ce lauya. Gwamma ta je ta ga girman littattafan lauyoyi, ta dawo ta cire lauya daga lissafi.

Abin da take so ta daɗe da saninsa. Kawunta Tasi'u direba ne, yana kai baƙi 'yan yawon buɗe ido kan dutsen Assekrem, kuma lokacin hutu yakan tafi da ita in akwai wuri a mota. Baƙin suna ɗaukar hoton faɗuwar rana, ita tana tsintar duwatsu. Ta cika kwali huɗu a ƙarƙashin gado, kowane dutse ta san inda ta ɗauko shi. Ta ce ilimin ƙasa da duwatsu za ta yi, a jami'ar nan ta garin.

"Dutse," in ji Maman. "Na baro Damagaram, garin duwatsu, na zo garin duwatsu. Yanzu kuma sai an je jami'a kafin a gan su."

"Baba, can rabin aikin da ido ake yi, da hannu, da taswira."

"Ɗaya rabin fa?"

"Ɗaya rabin zan sha wuya."

Ya ce tunda ta san da haka, ta je.

Wata guda kafin a buɗe jami'ar, ta hau taksi ita kaɗai ta tafi buron ɗalibai, ofishin da ke kula da su, da takardar likita. Tambaya biyu ta kai: ko za a bar ta ta ɗauki muryar malamai, da ko ƙarin lokacin zai biyo ta nan. Ma'aikacin buron, wani dattijo mai fara'a, ya miƙo mata takarda shafi huɗu ya ce duk amsar tana ciki, ta karanta ta cike.

"Malam, ai wannan ne ya kawo ni," in ji ta.

Ya dube ta, ya dubi takardar, ya jawo kujera ya karanta mata daga farko har ƙarshe. A shafi na uku shi ma ya tsaya ya maimaita wani layi sau biyu. Daga nan ta zaga ginin, ta haddace ɗakunan karatu da launin ƙofofinsu. Kafin ranar buɗewa aka yi wa ƙofofin fenti, duka shuɗi. Ta makara a darasin farko.

Yanzu tana shekara ta biyu. Ta faɗi darasi ɗaya ta sake shi, sauran ta wuce. A aikin fili ita ake turawa gaba. Bara an kai su wajen ƙauyen Mertoutek, wani tsoho mai lambu ya ji abin da suke karantawa, ya ja ta gefe ya tambaye ta da Hausarsa ta Buzaye inda zai haƙa sabuwar rijiya. Ta ce masa ba ta kai nan ba tukuna, saura shekara uku ko huɗu. Tsohon ya dubi itatuwan ɓaurensa, ya ce babu laifi, zai jira.