Gadar da Baba ya kafa don kayan ɗakina

Shekarar da aka yi aurena garinmu bai koma Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa. Unguwarmu Kwamba kuwa gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, namu yana hayin rafi. Da rani ko akuya tsallake rafin take yi, da damina sai mace ta naɗe zani har gwiwa tana salati.

Baba injiniyan soja ne. Gadoji ya yi ta kafawa lokacin yaƙin basasa, ya dawo mana da ɗan ɗingishi da ciwon gyara. Ƙofar da ba ta ce masa komai ba sai ya cire ta ya sake ɗaurawa. Turmin Inna ma ya taɓa yi masa ƙafafu, ta yini ba ta kula shi ba. Ina son mutumin nan kamar me, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Da aka sa bikina cikin damina, Inna ta ce a ɗauki kayan ɗakina a ka a haye rafi, yadda kowa ke yi. Baba ya ce 'yarsa ta fari, mota ce za ta zo har ƙofar gida. Ya samo tsofaffin ƙarafa da katakon maɗaci, ya tara samarin unguwa yana ba su umarni kamar a fareti, kafin ranar kai kaya gada ta tsaya. Ni kam murna ta hana ni zama. Ina ɗaki a lulluɓe wai kunya, alhali idona yana taga.

A-kori-kura ta hayo gadar ta shigo ba kaya, Baba ya ce wannan ba gwaji ba ne. Aka loda gadona mai rumfa da kwallaye da tasoshi har suka yi tozo. Sai Baba ya tuɓe babbar riga, ya gangara ƙarƙashin gadar, ruwa har ƙugu, ya tsaya ƙyam.

"Haka muke yi a soja," in ji shi. "Wanda ya kafa gada shi ke tsayawa a ƙasanta ranar da kaya suka fara wucewa. In ya yi ha'inci, a kansa za ta ƙare."

Direban, wani mutumin kudu mai shago a cikin gari, ya leƙo. "Oga soja, abeg fito. Ni ba na tuƙa mota kan mutum."

"Tuƙa, na ce."

Ban san sanda na fito da gudu ba, lalle a ƙafa, mayafi a hannu. Inna dai sai ta nufi bakin rafi. Ta miƙa wa ƙanwarta gyale, ta ƙara ɗaure zani, ta shiga ruwan ta tsaya kusa da shi.

"Ke kuma me ya kawo ki?"

"Gwaji na zo yi, Malam. Ba ka ce tana da ƙarfi ba?"

"Tana da ƙarfi mana."

"To direba, bismillah."

Mata suka ɗauki guɗa, yara na tsalle a bakin rafi. Direba ya yi alamar gicciye ya tayar da mota. Tayoyin gaba suna hawa, katako ya ce ƙiii.

"Tsaya!"

Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Ya fito riƙe da hannun Inna a gaban kowa, su biyun sharkaf, ya ce a sauke komai. 'Yan biki suka bi ta kan gadar da kwallayena a ka, suna waƙa suna dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi ta dariya ina share hawaye, sai da gwaggona ta kora ni ɗaki.

Bayan la'asar aka kai ni in yi wa Baba sallama. Na durƙusa, na kasa haƙuri.

"Baba, da gadar karyewa za ta yi?"

"Ko tankar yaƙi za ta ɗauka. Lissafina daidai yake."

Ya juya yana kallon Inna, tana shanya jiƙaƙƙen zaninta a igiya tana 'yar waƙa.

"Uwarki ce ban sa a lissafin ba."