Ranar da Na Taɓa Sitiyarin Kawu Sale

Cikin duk ranakun aikina, wadda ta ƙi fita daga raina ba a sama ta same ni ba, a kan kwalta ne tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Ina ba ku labarin ne, ku ƙannena da kuka shigo aikin nan kwanan nan, don na ji kuna ƙorafin albashi. Ban ga laifinku ba, ni ma na yi.

A lokacin ina mataimakin matuƙin jirgin sama a wani ƙaramin kamfani mai jigila tsakanin biranen cikin gida. Ga wanda bai san tsarin ba, mutum biyu ne a ɗakin tuƙi: kyaftin a hagu da igiya huɗu a kafaɗa, mataimaki a dama da igiya biyu. Ni ne na daman. Albashina kuwa, idan kamfani ya cire kuɗin horon da ya ba ni, na biya haya a Kano, abin da ya rage ba na nunawa ba ne. Wani abokina mai jan tankar mai ya fi ni shiga gida da kuɗi nesa ba kusa ba. Amma je ka faɗi haka a Zandam ka gani. A wurin mutanen garinmu, wanda yake tashi sama ya gama da talauci, shi da danginsa kaf.

Cikin bazara na je gida gaishe da mahaifiyata. Hutu ya ƙare, washegari da safe ina da tashi, sai na hau babur zuwa Gwaram bayan azahar. A tasha na tarar motar da ake wa lodi ta Kawu Sale ce, ƙanin mahaifiyata. Na ce tasa, amma ta wani mai hali ce a Birnin Kudu. Kawu yana tuƙawa ne, kullum yamma ya kai balas, wato kason mai mota, abin da ya saura shi ne na cefane da kuɗin makarantar yara. Tun ina goye yake wannan aiki.

Yana hango ni ya ɗaga murya, don kowa ya ji. "Ku ba da hanya, ga direban sama! Nuhu, yau ka sauko wurinmu na ƙasa?" Aka yi dariya, aka sauke wani bawan Allah daga gidan gaba aka sa ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai da na zauna na dube shi sosai, idanunsa sun yi jawur, ga goro cike da baki. Ranar kasuwa ce, tun kafin asuba yake kai da kawowa tsakanin Basirka da Gwaram.

Mun bar gari ba da jimawa ba hira ta mutu. Rana ta take, fasinjoji sun lafe, babu abin da kake ji sai kukan inji. Na lura motar tana ɗan karkata hagu, ta dawo, ta sake karkata. Na saci kallon Kawu, sai na ga kansa yana sunkuyawa a hankali yana ɗagowa da sauri.

Kun san abin da aka koya mana. Idan mataimaki ya ga kyaftin zai kauce, da farko tambaya zai yi. In ba a ji ba, ya faɗi abin da ya gani ƙarara. In har yanzu shiru, ya ba da umarni, in ta kama ya karɓe tuƙin, kuma babu kyaftin na kirki da zai riƙe shi a rai. An sa mu maimaita wannan har ya zama mana jiki. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda za ka yi idan kyaftin ɗin kawunka ne, ga mota cike da mutanen da suka san shi suka san ka.

Na ce, "Kawu, ko mu tsaya a sha ruwa?"

Ya ce, "Ruwan me kuma? Ga Birnin Kudu nan gaba kaɗan."

Na bari aka ɗan taɓa tafiya. Na rage murya na ce, "Kawu, gyangyaɗi kake yi fa."

Ya juyo ya harare ni. "Ni? Kai, ka iya bakinka. Hanyar nan ko ido rufe na bi ta."

Abin da nake tsoro ke nan. Can sai ga babbar mota ɗauke da buhuna tana tahowa, mu kuma mun fara shiga hannunta. Direban ya danna ham, Kawu bai motsa ba. Na miƙa hannu na kama sitiyarin na dawo da mu, na ce da ƙarfi, "Kawu, sauka gefe ka tsaya!"

Motar ta wuce, iskarta ta girgiza mu. Wata tsohuwa a baya ta yi salati. Kawu ya taka birki, ya gangara ƙarƙashin wata tsamiya, ya kashe inji. Bai dube ni ba. A sama karɓar tuƙi ba wani abu ba ne, amma a tasha, ka taɓa sitiyarin direba yana kai, a gaban fasinjansa, ya fi ka zage shi ciwo. Na san haka sarai lokacin da na miƙa hannun.

Wani Alhaji mai sayen hatsi da ke bayanmu ya fara faɗa, wai yana da uzuri a Birnin Kudu, kuma ya san mai motar. Sai ya ce, "To ba ga matuƙin jirgi ba? Wanda ya iya jirgi ai mota wasa ce. Ba shi ya ƙarasa da mu mana."

Na ce na yarda in Kawu ya yarda. Kawu ya girgiza kai. "Lasisinsa na sama ne. In mai mota ya ji na ba wanda ba ɗan tasha ba, yau zai karɓe makulli."

Tsohuwar nan ce ta raba gardama. Ta ce, "Alhaji, in kana sauri ga hanya nan. Malam Sale, dan Allah je ka kwanta, mu ba inda za mu da ya fi ranmu." Kawu ya ɗauki tabarmar sallarsa ya shimfiɗa a inuwa. Kafin in gama zagaya motar har ya fara minshari. Na zauna a kan saiwar tsamiyar ina kallon farar furfurar da ban san ta yi masa yawa haka ba, tausayinsa ya kama ni, ga kunyar abin da na yi masa. Alhaji ya tare wata mota ya wuce yana ta mita.

Sai da aka yi la'asar muka tashi. Kafin mu isa Birnin Kudu layin komawa ya wuce Kawu, wani ya yi lodi a madadinsa, balas ɗin ranar kuma ba zai cika ba. Da fasinjoji suka watse na zaro abin da ke aljihuna na miƙa masa. Ya ture hannuna, ba da faɗa ba.

Ya ce, "Nuhu, ban ce ka yi laifi ba. Da ba ka kama ba da yanzu wani zancen ake. Amma in tambaye ka. Ku a can, in mutum ya gaji, ya yake yi?"

Na ce doka ta ƙayyade mana lokacin aiki da na hutu. In ka ga ba za ka iya ba, sai ka sanar, a kira wani ya tashi.

"A kore ka?"

"A'a."

"Albashin fa?"

"Alawus ɗin tashin ne kawai zai wuce ka. Albashi yana nan."

Ya gyaɗa kai, ya dubi makullin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To ni in na ce na gaji, wa zan faɗa wa?"

Na ɗauki jakata na nufi layin motocin Kano, kuma har yau da nake da igiya huɗu tambayar nan tana bina.

Ku nemi ƙarin albashi, haƙƙinku ne, kuma ina bayanku. Amma in kun shiga motar haya, kada ku ɗauka kun fi na kan sitiyarin ɗaukar rayuka. Aiki ɗaya muke yi da shi. Abin da na koya a ranar shi ne, mu an ba mu izinin mu gaji, shi ba a ba shi ba. Ni na kwana a Kano na yi barcina cikakke kamar yadda doka ta ce. Kawu Sale kuwa a cikin mota ya kwana a tasha, don ya kama layin asuba ya cike na jiya.