Na Yi Tatsuniya da Rana

A gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangui, ɗan bayan Titin Koudoukou, tatsuniya tana da lokacinta. Sai an idar da magariba, an sauke tukunya, garwashi ya fara lumshewa a murhu, sannan Iya, kakata ta wajen uwa, za ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna tana gasa ƙafa. Ni da ƙanena Sabo mu matso. Ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji sauran tsofaffi suna yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa ta taho daga nesa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." In muka amsa da sanyin murya sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta juya, mu sake da ƙarfi.

Doka ɗaya ce Iya ba ta wasa da ita: ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, in ji ta, zai ɓata a kasuwa. Na sha tambayarta dalili, amsarta ba ta wuce, "Haka muka tarar." Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da son a yi mini bayani dalla-dalla, shi ya sa take kirana Alƙaliya.

Ina da shekara tara lokacin da sojoji suka yi bore. Har yau in aka ce in faɗi wa ke faɗa da wa, sai na tsaya na yi tunani, balle a lokacin. Manya suna manne da rediyo suna ta cewa "mutin, mutin", wato sojan bore da Faransanci, ni na ɗauka sunan wani mutum ne mai yawan fushi. An rufe lakwal, wato makaranta. Baba ya maƙale da kaya a hanyar Kamaru, ba labari. Shagunan titi sai su buɗe rabin ƙofa da safe, kafin azahar sun rufe. A gida kuwa kwana biyar cur muna cin gozo, tuwon rogon nan na Bangui, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda kullum take ƙara tsinkewa, har Sabo ya ce yana ganin fuskarsa a ciki.

A kwanakin ne Iya ta tsiro da tatsuniyar matar gishiri. Wata mata ce ta ɗora miya, ta duba ba gishiri. Ta ce wa 'ya'yanta su kula da wuta, bari ta leƙa maƙwabta. Maƙwabciya ta ce nata ya ƙare, amma ga kaza, ta miƙa wa gidan gaba, ƙila su suna da shi. Gidan gaba suka karɓi kaza suka ba ta taɓarya ta kai wa na gabansu. Haka ta yi ta tafiya da aiken mutane, tun tana gane gidajen har ta daina, ta haye rafi, ta faɗa wata kasuwa da ba ta taɓa gani ba. Nan ta samu gishiri fari tas, ta ƙulle a bakin zani. Sai dai mutanen kasuwar suna da wata al'ada. Da rana ta yi sanyi, sai su naɗe hanyoyinsu kamar tabarma su jingine a bango, kada raɓa ta jiƙa su. Matar ta juyo za ta koma gida, ta ga wani tsoho ya gama naɗe hanyarta yana ɗaure ta da igiya.

Daga nan ban san me ya faru ba. Sau uku Iya tana yin ta, sau uku barci yana sace ni a daidai wurin igiyar nan.

Wata safiya gari ya yi shiru, har ana jin kukan zakarun maƙwabta. Mama ta ji cewa mata sun fito da ngunza, wato ganyen rogo, da bandan kifi a kasuwar Kokoro. Ba nisa, tafiyar ƙafa ce. Ta ɗauki roba ta ce ta gaji da ganin fuskokinmu a kan kwanon miya, kafin azahar ta dawo. Iya ta ce, "Allah ya tsare," ta ci gaba da jan carbinta.

Fitarta ke nan Amina da Fatu suka shigo, 'ya'yan Baba Isa maƙwabcinmu. Musulmi ne kamar mu, amma yaren Sango kaɗai suke ji. Mun yi 'yar carafke har ta gundure mu, mun yi kitson 'yar tsana mun tsefe. Sai Fatu ta tambaye ni me tsohuwarmu take faɗa mana da yamma da har suke jiyo dariyarmu ta katanga.

Alƙaliya ta zauna ta yanke hukunci. Na farko, dokar ta Hausa ce, ni kuma da Sango zan yi. Na biyu, in na rufe taga ɗakin Mama duhu gare shi, wa zai ce rana ce? Na ja su ciki, na ɗaura ɗankwalin Mama don in yi kama da babba, na hau kujerarta. Na yi musu matar gishiri tun daga miya har igiya, sannan na tsaya. Amina ta ce sai me. Na ce sai gobe.

Ba a yi awa ɗaya ba harbi ya tashi, daga wajen da Mama ta nufa.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Baba Isa ya fita dubawa, sojoji suka koro shi daga shingen farko. Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. Wanda ya yi tatsuniya aka ce zai ɓata, ga ni zaune a gida, to me ya kai Mama ciki? Sai na tuna ɗankwalin. Na ce shi ke nan, abin da ke ɓatar da mutane ya leƙo ɗakin, ya ga ɗankwalin Mama a kan kujerar Mama, ya tafi ya nemo mai su. Can kuma in ce a'a, ai ba ya jin Sango. Can in ce abin da ya zauna a Bangui tun zamanin Iya, ta yaya zai kasa jin Sango? Tsoro ya hana ni kuka, ya hana ni zama wuri ɗaya.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne Iya. Mama ce 'yarta ta fari, amma ko ƙofa ba ta leƙa ba. Ta tuƙa gozo, ta ba Sabo, ta yi magariba, ta jawo kujera bakin murhu kamar kowace rana. Na ji haushinta ƙwarai. Na tsaya a gabanta na zazzage komai, Sango da taga da ɗankwali, ina jiran ɗaya daga cikin biyu: ko ta dake ni, ko ta ce ba laifina ba ne.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta ce, "Kin kai ta ƙarshe?"

"A'a, Iya. Ban san ƙarshen ba."

"To kin gani. Kin fitar da mace daga gidanta kin baro ta a kasuwa. Zauna ki dawo da ita."

"Ke ki faɗa mini yadda ta dawo."

"Na manta. Tsufa ne. Ai ke kika ɗauke ta, a hannunki take."

Na zauna. Na ce sai wani babban tsuntsu ya zo ya ɗauke ta. Iya ta girgiza kai ta ce mai 'ya'ya biyu ba ta hawa tsuntsu, in ta faɗo wa zai riƙe su? Na ce to ta tari taksi. Ta ce, "Taksi a kan wace hanyar, Alƙaliya? Ba an naɗe ba?" Sabo ya ce ta ƙwace igiyar ta mari tsohon. Iya ta ce wannan tarbiyyar gidan ubansa ce, ba ta gidanta ba. Duk dabarar da na kawo sai ta samo mata ɓaraka, har na fara jin haushin matar gishirin ma, da ta bar gida saboda abin da bai kai cikin cokali ba. Ana ta harbi jefi-jefi, amma na lura na daina ƙirga shi.

Can sai Iya ta ce, "Mutanen nan ba sa shimfiɗa hanya sai rana ta fito. Mace mai hankali, in yamma ta same ta a garin mutane, me take yi?"

Na ce, "Ta nemi wurin kwana."

"Wajen wa?"

Na ƙirƙiro wata tsohuwa mai tuyar waina a bakin kasuwa, wadda ita ma miyarta ba gishiri. Matar ta kwance bakin zani ta ɗiba mata, tsohuwar ta ba ta tabarma da bargo. Iya ta tambaye ni ko ta ci abinci, na ce ta ci. Ta tambaya ko an rufe ƙofa, na ce an rufe har da sakata. Gari ya waye, tsoho ya kwance igiya, hanya ta miƙe har ƙofar gida. Matar ta shigo ta tarar miya ta ƙone, yara suna lafiya. Na jira Iya ta rufe da abin da ta saba, "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka." Maimakon haka sai ta shafa fuska ta ce, "Amin." Na so in gaya mata ba a yi wa tatsuniya amin, amma na ga ba lokacin shari'a ba ne.

Da safe muryar Mama ce ta tashe ni. Tana tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya, robar a kanta, ganyen ya yi laushi. Harbi ya rutsa da ita tana cinikin kifi, wata mai sayar da manja, Kirista ce ma, ta ja ta gidanta ita da wasu mata huɗu. A can suka kwana, suka haɗu suka cinye kifinmu. Tana cikin ba da labari ta juyo ta kama hannuna ta ce, "Na gode, Bilki. Kin yi ƙoƙari." Sannan ta shiga wanka ta bar ni baki buɗe. Mun ci ngunza ba kifi a ranar, kuma ban taɓa cin miyar da ta kai ta daɗi ba.

Godiyar nan ta zauna mini a rai shekaru. Da na yi wayo na san tatsuniya ba ta ɓatar da kowa, ba ta dawo da kowa. To me ya sa Iya ba ta faɗa mini haka kawai ba? Wani lokaci in ce ruɗa ni ta yi, in ji haushi. Sai da na haifi nawa na gane yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukunci ba ya jin "ba laifinka ba ne", ko sau ɗari aka faɗa. Iya ba ta yi gardama da tsorona ba, aiki ta ba shi. Ta kuma sa da bakina na yarda Mama za ta kwana a waje, na rufe mata ƙofa, shi ya sa na iya barci. Abin da har yanzu ban warware ba shi ne ko don ni kaɗai ta yi.

Bayan rasuwar Iya na tambayi Mama wa ya ce ta gode mini. Ta yi dariya, sannan idonta ya kawo ruwa. Ta ce da ta turo ƙofar zaure da sassafen nan, sai ta tarar da Iya zaune a ƙasa bayan ƙyaure, ƙafafunta sun kumbura don zama. Iya ce ta ce mata in na tashi ta yi mini godiya, kada ta tambayi dalili. Mama ta ce amma ba wannan ta fara faɗa ba. Iya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, "'yar nan" take ce mata tun tana goye, ko "uwarsu Bilki".

Mama ta ce, "Ina shigowa ta riƙe zanina ta ce, 'Hauwa.' Ta sake cewa, 'Hauwa.' Ranar kaɗai na taɓa jin sunana a bakinta."